Yadda Ake Auna Haɗin Kan Sassan Kiwon Lafiya

Mutumin da yake fama da ciwon suga da hawan jini, ƙodarsa kuma ta fara raunana, ba a hannun ma'aikaci ɗaya yake ba. Yana zuwa cibiyar lafiya a matakin farko, yana ganin likitan ƙoda a babban asibiti, ana ɗibar jininsa a ɗakin gwaje-gwaje, yana karɓar magani a wurin mai harhaɗa magunguna, idan kuma jikin ya yi tsanani a kwantar da shi, a sallame shi, ya koma hannun waɗanda suka fara ganinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya yin aikinsa yadda ya kamata, amma duk da haka mutumin ya cutu, domin likitan ƙoda ya dakatar da wani magani, ita kuwa cibiyar ba ta samu labari ba, ta ci gaba da rubuta masa shi wata da watanni. Riga daga wajen ɗinki take yagewa, haka ma kula da majinyaci ya fi lalacewa a daidai inda wani hannu yake miƙa shi ga wani hannu. Saboda haka duk wanda yake son sanin ko sassan kiwon lafiya suna aiki tare da gaske, to a waɗannan mahaɗai zai kafa ma'auninsa, ba a cikin kowane sashe shi kaɗai ba.

Batun ya daɗe da zama manufar gwamnatoci. A shekarar 2016 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani tsari na haɗa ayyukan lafiya bisa buƙatun mutane, a Ingila kuma doka ta kafa yankunan haɗin gwiwar kiwon lafiya guda 42 a watan Yulin 2022. Sai dai sanya hannu a kan yarjejeniya daban, abin da majinyaci yake gani a ƙasa daban, kuma awo ne kaɗai yake nuna tazarar da ke tsakaninsu.

A fara da tantance su wa ake aunawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce za a auna haɗin kan tsarin lafiya gaba ɗayansa a lokaci guda. Wani masani mai suna Walter Leutz ya yi gargaɗi tun a 1999 cewa ana iya haɗa dukkan ayyuka ga wasu mutane, ko a haɗa wasu ayyuka ga dukkan mutane, amma ba za a iya haɗa dukkan ayyuka ga dukkan mutane ba. Wannan gargaɗi ya shafi mai awo kai tsaye. Dole ne ya zaɓi rukunin mutanen da yake magana a kansu, kamar tsofaffi masu cututtuka fiye da ɗaya, ko mata masu juna biyu, ko masu tarin fuka, ko masu taɓin hankali da aka sallama daga asibiti, domin kowane rukuni yana da nasa mahaɗai da nasa wuraren da ake ɓacewa.

Leutz ya kuma raba haɗin kai zuwa mataki uku. Akwai sada zumunci na aiki, inda kowane sashe yake cin gashin kansa amma ya san inda zai tura mutum da wanda zai tuntuɓa. Akwai tsara aiki tare, inda aka naɗa wani ya riƙa bin majinyaci daga wannan sashe zuwa wancan bisa ƙa'idojin da aka yarda da su. Sai cikakkiyar haɗewa, inda kuɗi da ma'aikata da shugabanci suka zama na bai ɗaya. Ba adalci ba ne a auna tsarin da ya tsaya a mataki na farko da ma'aunin na uku, kuma ba kowane rukuni ne yake buƙatar na ukun ba. Matashi mai ƙoshin lafiya da ya karye a hannu takardar turawa mai kyau ta ishe shi.

A bi sawun majinyata kafin a ƙirƙiri kowane ma'auni

Bayan an zaɓi rukuni, sai a zana hanyar da mutum yake bi tun daga ranar da ya fara neman taimako har zuwa inda kulawar ta tsaya ko ta zama ta dindindin. Kada a zana ta daga littafin ƙa'idoji kawai. A ɗauko fayil ɗin majinyata ashirin ko talatin na gaske, a bi kowannensu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta ranar da aka tura shi, da ranar da ya isa, da abin da ya je da shi a hannu, da abin da ya dawo da shi. Gani ya kori ji, kuma sau da yawa wannan aiki na 'yan kwanaki yana fito da abin da shugabanni ba su taɓa zato ba: takardar turawa da ba a rubuta komai a kanta ba sai sunan cuta, ko sakamakon gwaji da ya kwana uku a cikin aljihun tebur saboda ba a san wanda za a miƙa wa ba. Duk wurin da aka ga mutum ya canza hannu, a yi masa alama, domin a nan za a dasa ma'auni.

Kashi ukun da Donabedian ya ware

Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya ba da shawara a 1966 cewa a duba ingancin kiwon lafiya ta fuska uku, wato abin da aka tanada, da yadda ake gudanar da aiki, da abin da ya faru da majinyaci a ƙarshe. Har yau wannan rabo shi ne ginshiƙin aikin.

Na farko ya fi sauƙin aunawa, kuma shi ya fi ruɗar mutane. Ana tambaya ne ko akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin cibiyoyi, ko akwai fom ɗin turawa na bai ɗaya, ko kwamfutocin sassan suna iya musayar bayanai, ko akwai kwamitin haɗin gwiwa, ko akwai asusun kuɗi na tarayya. Amsar duk waɗannan tana iya zama e, alhali kwamitin bai zauna ba tun da aka ƙaddamar da shi. A ƙirga su don a san abin da ke hannu, amma a ganina bai kamata a ba su nauyi mai yawa a cikin rahoto ba, kuma duk wanda aka ƙirga a haɗa shi da tambaya ta biyu a kan amfani da shi. Idan akwai tsarin musayar bayanai, a duba a cikin majinyata ɗari da suka zo daga wani sashe, nawa ne likita ya buɗe bayanansu kafin ya gan su.

Ma'aunin da ya fi kowane daraja: ko turawa ta cika zagayenta

Idan ba za a iya auna komai ba sai abu ɗaya, to a auna makomar turawa. Tura majinyaci ba ya kammala da miƙa masa takarda. Yana kammala ne idan ya isa inda aka tura shi, aka gan shi a kan lokaci, aka mayar da bayani ga wanda ya turo shi, shi kuma ya karanta ya yi aiki da shi. Gaɓoɓi huɗu ke nan, kuma kowace gaɓa tana da nata lissafi.

A ce wata cibiya ta tura mutum 200 zuwa babban asibiti a cikin wata uku. A duba rajistar asibitin a ga nawa suka isa. A ce 150. Daga cikinsu a duba nawa aka gani a cikin wa'adin da aka tsayar wa irin cutarsu. A ce 110. Sannan a koma cibiyar a duba fayil nawa ne ke ɗauke da amsar asibiti. A ce 40. A ƙarshe a duba a cikin 40 ɗin nan, nawa ne aka canza musu magani ko aka sa musu ranar dawowa bisa abin da amsar ta ce; a ce 30. A wannan misali zagayen ya cika ga kashi 15 cikin 100 kacal na waɗanda aka tura, kodayake kowane ɓangare zai iya nuna rajistarsa cike da aiki. Abin lura a nan shi ne, a riƙa raba kowane adadi da 200 ɗin farko, ba da adadin gaɓar da ta gabata ba, in ba haka ba mutum hamsin ɗin da ba su taɓa isa ba za su ɓace daga lissafi, su kuwa su ne suka fi kowa shiga haɗari. Misalin ya kuma nuna inda gyara yake: babbar asara tana wajen mayar da amsa, don haka ƙara motar ɗaukar marasa lafiya ba zai magance ta ba.

Sallama daga asibiti ita ma turawa ce, kuma ana aunata da irin wannan hanya. A lissafa kwana nawa takardar sallama take ɗauka kafin ta isa cibiyar da za ta ci gaba da kula da mutum, da kason waɗanda wani ma'aikaci ya gani ko ya kira a cikin kwana bakwai ko goma sha huɗu da sallamarsu. A kuma kwatanta jerin magunguna uku: wanda asibiti ya rubuta ranar sallama, da wanda ke cikin fayil ɗin cibiya, da wanda mutumin yake sha a zahiri. A roƙe shi ya zo da duk magungunansa a jaka a zube su a kan tebur. A nan ne ake samun maganin hawan jini iri ɗaya da sunan kamfani biyu, mutum yana shan duka biyun yana zaton daban suke. Yawan saɓanin da aka samu a kan kowane majinyaci ma'auni ne mai faɗin gaskiya. Haka nan gwajin da aka maimaita ba don wata buƙata ba, sai don sashe na biyu bai iya ganin sakamakon na farko ba.

Shirye-shiryen yaƙi da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Suna bin kason masu tarin fuka da aka san matsayinsu game da ƙwayar cutar HIV, sannan kason waɗanda aka samu da ita da aka ɗora a kan magani. Shiri ɗaya ba zai iya ɗaga waɗannan alƙaluma shi kaɗai ba, kuma wannan ita ce alamar ma'aunin haɗin kai na gaskiya. Duk ma'aunin da sashe ɗaya zai iya kyautatawa ba tare da taimakon kowa ba, ingancin wannan sashe yake aunawa.

Ɗorewar kulawa

A 2003 Jeannie Haggerty da abokan aikinta sun raba ɗorewar kulawa gida uku: ɗorewar bayani, wato labarin mutum yana binsa duk inda ya je, ɗorewar tsarin magani, wato ma'aikata ba sa warware aikin juna, da ɗorewar dangantaka, wato akwai wanda ya san shi, shi ma ya san shi. Na ukun yana da lissafi mai sauƙi. A ƙirga zuwan mutum a shekara, a ga kaso nawa ne ya faɗa a hannun ma'aikacin da ya fi gani. Wanda ya zo sau 10, sau 7 a wurin likita ɗaya, makinsa 0.7 ne. Wasu masana biyu, Bice da Boxerman, sun fitar da wani lissafi a 1977 wanda ya ƙara la'akari da yadda sauran zuwan ya warwatsu a tsakanin ma'aikata. Duka lissafan biyu ba su da ma'ana ga wanda ya zo sau ɗaya, kuma suna yaudara ga wanda ya zo sau biyu, don haka a tsayar da mafi ƙarancin adadin zuwa kafin a sa mutum a cikin lissafi.

A tambayi majinyaci, a tambayi ma'aikaci, kada a haɗa amsoshinsu

Majinyaci da mai jinyarsa su kaɗai ne suke bin hanyar daga farko har ƙarshe. Amma kada a tambaye su ko sun gamsu, domin mutane da yawa za su ce sun gamsu saboda ladabi ko don tsoron kada a ƙi kula da su nan gaba. A tambaye su abin da ya faru. Shin likitan da ka gani ya san dalilin da ya sa aka turo ka? Sau nawa ka maimaita labarin ciwonka daga farko? Shin ma'aikata biyu sun faɗa maka abubuwa masu karo da juna? Da aka sallame ka, ka san wanda za ka nema idan jikin ya tashi da dare? Eric Coleman da abokan aikinsa a Amurka sun tsara takardar tambayoyi a kan sallama mai tambaya 15, da gajeriyarta mai tambaya 3, waɗanda suka haɗa da ko mutum ya fahimci dalilin shan kowane maganinsa. Idan za a ari irin wannan takarda zuwa wani harshe, a gwada ta a kan mutane kaɗan tukuna, kuma kada wanda ya yi wa mutum magani ya zama shi ne mai tambayarsa.

Ga ma'aikata kuwa, Jody Hoffer Gittell ta tsara ma'auni mai fuska bakwai. Huɗu sun shafi sadarwa, wato yawanta, da zuwanta a kan lokaci, da daidaitonta, da ko ana yinta don warware matsala ne ko don ɗora laifi. Uku sun shafi dangantaka, wato manufa ɗaya, da sanin aikin juna, da mutunta juna. Amfanin wannan ma'auni yana cikin yadda kowane rukuni yake ba wa sauran maki, ta yadda za a ga, misali, likitoci suna ganin komai lafiya tsakaninsu da ma'aikatan jinya, su kuwa ma'aikatan jinya ba haka suke gani ba.

Dalilin ware amsoshin biyu ya fito fili a Ingila, a binciken da aka wallafa a 2012 a kan wurare 16 da aka gwada haɗa ayyukan lafiya. Ma'aikata sun ce aiki ya gyaru, amma majinyata ba su ba da irin wannan shaida ba, kuma kwantar da mutane na gaggawa bai ragu ba kamar yadda aka yi fata. Da ma'aikata kawai aka tambaya, da an rubuta cewa an yi nasara.

Sakamako, da tarkon da ke cikinsa

Ma'aunai biyu ne suka fi shahara a nan. Na ɗaya shi ne kason waɗanda aka sake kwantarwa a cikin kwana 30 da sallamarsu. Na biyu shi ne yawan kwantar da mutane saboda cututtukan da kulawa mai kyau a matakin farko za ta iya hana su kai ga gadon asibiti, irin su asma, da ciwon suga, da gazawar zuciya, da daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu. Ana ƙara musu yawan kwanakin da mutum ya ci gaba da zama a gado bayan likita ya ce zai iya tafiya, don kawai ba a shirya masa kulawa a waje ba. Kada a manta da kuɗin da aka kashe a kan kowane mutum a dukkan sassan a haɗe, domin ragin da asibiti ya samu yana iya zama nauyin da ya koma kan cibiya ko kan iyali.

Tarko mafi girma shi ne kwatanta kafin da bayan ba tare da rukunin kwatance ba. Shirye-shiryen haɗin kai sukan zaɓi mutanen da suka fi kowa kwanciya a asibiti a 'yan watannin baya, irin waɗannan mutane kuwa yawancinsu kwanciyarsu za ta ragu a watanni masu zuwa ko an yi musu wani abu ko ba a yi ba, domin an same su ne a lokacin da ciwonsu ya kai maƙura. Wani sanannen shiri a birnin Kamden na jihar New Jersey a Amurka ya nuna wannan ƙarara. Tawagar ma'aikatan jinya da jami'an jin daɗin jama'a tana bin majinyata har gida bayan sallama, alƙaluman farko kuma sun yi kyau ƙwarai. Da aka raba mutum 800 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wato bisa sa'a ba da zaɓin kowa ba, aka sa kashi ɗaya a shirin aka bar ɗayan, sakamakon da aka wallafa a Janairun 2020 ya nuna an sake kwantar da kashi 62.3 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin a cikin kwana 180, da kashi 61.7 na waɗanda ba su shiga ba. Kwanciya ta ragu a ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida. Masu shirin sun cancanci yabo da suka yarda a gwada aikinsu ta wannan hanya, kuma darasin ya shafi kowa. Idan ƙuri'a ba ta yiwuwa, a nemi wani yanki ko rukuni mai kama da wanda ake aunawa a shekaru da nauyin cuta da halin rayuwa, a bi su biyun a tsawon lokaci ɗaya, a kuma tattara alƙaluman watanni da yawa kafin fara shirin, ba na wata ɗaya ko biyu ba.

Tarko na biyu yana zuwa ne idan aka ɗaura kuɗi ko hukunci a kan ma'auni ɗaya. Tun daga 2012 Amurka take rage wa asibitoci kuɗin inshorar tsofaffi idan masu dawowa cikin kwana 30 sun yi yawa, ragin da yake iya kaiwa kashi 3 cikin 100. Adadin ya sauka, amma masana sun yi ta muhawara a kan ko wani ɓangare na saukar ya samo asali ne daga sauyin yadda ake rubuta bayanai da ajiye mutane a ɗakin lura maimakon kwantar da su. An kuma ga cewa hukuncin ya fi faɗawa a kan asibitocin da ke kula da talakawa, har sai da aka gyara dokar aka koma kwatanta kowane asibiti da takwarorinsa. Don haka duk ma'aunin da ake son ya sauka, a ajiye masa abokin tsaro. Idan ana bin masu dawowa asibiti, a bi mace-mace a cikin wa'adin ɗaya da kuma zuwa sashen gaggawa.

Bayanai da wanda yake riƙe da su

Duk abin da aka ambata ya dogara ne a kan iya gane mutum ɗaya a rajista biyu. Manhajojin da ke tattara jimillar wata-wata za su faɗa maka cibiya ta tura mutum 200 kuma asibiti ya karɓi 150, amma ba za su tabbatar da cewa mutanen nan ɗaya ne ba. Inda akwai lambar majinyaci ta bai ɗaya, a yi amfani da ita. Inda babu, fom mai lamba da kwafi biyu, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna, yana yin aikin, ko kuma a ɗauki samfurin fayil hamsin duk wata uku a bi su da hannu. A kiyaye sirrin mutane ta hanyar cire sunaye kafin bayanai su bar hannun masu kula da su. A kuma warware alƙaluman bisa jinsi, da shekaru, da nisan wurin zama, da halin samu, domin matsakaicin adadi mai kyau yana iya ɓoye rukunin da aka bari a baya.

Ma'auni takwas zuwa goma sun wadatar, a ce biyu daga abin da aka tanada, huɗu daga mahaɗai, ɗaya ko biyu daga bakin majinyata da ma'aikata, sauran daga sakamako. Kowanne a rubuta ma'anarsa, da abin da ake rabawa da abin da ake rabawa da shi, da wanda zai tattara, da lokacin tattarawa, kuma dukkan ɓangarori su amince da wannan rubutu kafin a ga adadi na farko, domin bayan an gani kowa zai so ma'anar da ta fi yi masa daɗi. Ma'aunan mahaɗai suna motsawa a cikin watanni, don haka a duba su kowane wata ko duk wata uku. Na sakamako sukan ɗauki shekaru, kuma kamar yadda Leutz ya lura, haɗin kai yana cin kuɗi kafin ya fara biya, har ma shekarar farko tana iya nuna ƙarin aiki saboda an gano masu buƙata da ba a san da su ba a da. Rahoton kuwa a karanta shi a zama ɗaya da wakilan cibiya da asibiti da ɗakin gwaji da majinyata, a ɗauko fayil biyu ko uku na mutanen da zagayensu bai cika ba, a bi su gaɓa-gaɓa, a fita da sunan wanda zai gyara kowace gaɓa da ranar da za a sake aunata.